Babur a Maƙerar Babana

Ranar wata Laraba ce da hantsi, bayan an gama cirar gyaɗa, a shekarar da na fara famfara, aka turo babur na farko da na taɓa gani har ƙofar maƙerar babana a Gumel. Wajen ƙarshen shekarun 1920 ke nan. Ƙarti biyu ke tura shi, mai shi na biye da su ya jiƙe sharkaf da gumi, wani akawun kamfanin sayen gyaɗa ne. Ya ce tun daga Gagarawa injin ke tari yana fitar da baƙin hayaƙi, rairayin hanya ya cinye masa ciki, ga Kano da nisa. Zai wuce Maigatari a kan doki, ya dawo bayan kwana takwas. Baffana ya ja Baba gefe ya ce, "Kayan Nasara ne fa, in ka ɓata shi gidan yari za ka kwana." Baba ya ce, "Ai ƙarfe ne, Yaya. Bari in ga cikinsa."

Tabarma ya shimfiɗa a inuwar darbejiya, ya riƙa kwance injin da sufanun da akawun ya bari, yana jera ƙarafan bi da bi. Ya wanke su da kananzir, rairayi ya kwanta a gindin kasko kamar an rege gero. Inda ƙarfe ya zaizaye ya daina haɗa baki da ɗan uwansa, sai ya shafa toka mai laushi da man gyaɗa, ya yi ta murza shi a tsakanin tafukansa kamar mai burga miya, har ya zauna daram.

Ni aikina kai masa fura da azahar. A rana ta uku na hango wani ɗan abu na tagulla a bakin tabarmar, mara nauyi kamar ƙwanson ƙwai, sak tandun kwallin Inna. Baba na can yana hura wuta, na soke shi a ƙugun zanena. Da yamma ya zama kayan ɗakin 'yartsanata ta kara, ƙawayena suna ta roƙon in bari su taɓa.

Ƙarafan suna da yawa, Baba bai lura ba. Da ya mayar da komai a rana ta biyar ya zuba fetur, sai man ya riƙa tsiyaya a ƙasa. Ya kwance, ya sake ɗaurawa, haka dai. Man da akawun ya bari a galan ya kusa ƙarewa, manoman da suka kawo gyaran lauje suka gaji da jira, furar ma yadda na kai ta haka nake dawowa da ita. Kwana biyu ina jin abin a ƙuguna kamar garwashi. Ana gobe akawun zai dawo na tarar da Baba ya yi tagumi, Baffa na tsaye a kansa. Na durƙusa na miƙa masa abin, na ce: "Baba, ni na ɗauka."

Ya daɗe yana juya shi a hannu. Sai ya jefa shi a ƙwaryar ruwa, abin ya taso yana yawo a sama. Fuskarsa ta washe. "Ashe shi ke tashi ya rufe wa fetur ƙofa in ya cika," in ji shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata, kin koya mini aikinsa, amma kin hana ni cin abinci kwana biyu. Kada ki ƙara." Bai ɗaga mini hannu ba. Ya mayar da abin mazauninsa, da la'asar samari suka tura babur ɗin da gudu, ya yi atishawa sau biyu, ya kama da wata irin ƙara, kaji suka watse, hular Baffa ta faɗi garin ja da baya.

Yanzu babura sun fi jakuna yawa a hanyar Sule Tankarkar. Jikana ma makanike ne, in abu ya lalace sai ya yar, ya ɓare sabo daga kwali, kafin in idar da salla ya sallami mai shi. Ina yi masa addu'a, aikinsa na kyau. Sai dai ban ƙara ganin wanda ya zauna kwana bakwai yana sauraron ƙarfe har ya gaya masa ciwonsa ba.