Ƙarar sarƙar keken maigidana

Shekarun baya masu yawa, zamanin da soja ke mulki ana ta cewa kuɗin fetur ya shigo ƙasa, muna zaune ni da maigidana a wani ɗan gida cikin lungu, kusa da Ƙofar Taramniya. Mu dai ba mu ga kuɗin fetur da ido ba, jin sa muka yi: babura suka cika gari, kowane zaure da rediyonsa. Maigidana masinja ne a wani ofis. Yana da kakinsa, da biro a aljihu, da baƙin keke wanda sarƙarsa ke wani ɗan kuka, ƙii, ƙii, duk lokacin da feda ta zagayo.

Ni kuwa Allah ya yi ni da surutu. Ko kaza ta shigo tsakar gida sai na tambaye ta mutanen gidansu. Tun ina yarinya mahaifiyata ta nema mini magani. Ta ce, "Ke ɗiyag ga, bakinki na rigan kunnenki tashi. In kin sallame asuba kada ki hura wuta, kada ki ce ma kowa ƙala. Zamna bakin randa, ki kurɓi ruwa sau ukku, ki ja numhwashi a hankali, ki saurari gari."

Da wannan al'adar na zo gidan miji. Zaman ba shi da tsawo, bai kai a dama koko ba. In rufe ido, in bar kowace ƙara ta zo ta wuce. Guga ya faɗa rijiyar maƙwabta. Tattabaru. Tsohon da ke bayanmu ya yi tarinsa biyu. Jakuna sun nufi kasuwa da hatsi. Zuciyata takan kwanta lumui, kamar ruwan randar da na kurɓa.

Shi maigida da wuri yake fita, don shi ke buɗe ofis. In ya turo keke zai wuce ni, sai ya ɗan tsaya ya ce, "To, sarkin kunne, mi gari yac ce?"

Amsar da zan ba shi ita ce maganata ta farko a kowace rana. In ce, "Gari yac ce mai ƙosai ta makara, kuma gidan liman an yi baƙi, takalmi huɗu nij ji." Ya yi dariya ya ce ni kam da gwamnati ta san da ni da ta rufe gidan rediyo. Sai ya fita. In bi kukan sarƙar da kunne, ƙii, ƙii, har bakin lungu, ya karya dama ya nufi ofis. Ɓacewar ƙarar ita ce tashina in hura wuta.

Sai aka shiga wani lokaci da rediyo ke ta sanar da korar ma'aikata, babu jira, babu bin ba'asi. Manya aka fi ambata. Ni ko a mafarki ban kawo abin zai gangaro har kan masinja ba.

Wata safiya da damina, ina zaune idona rufe, na bi sarƙar har bakin lungu. Ta ɗan tsaya. Sannan ta karya hagu.

Na ce aike ne aka yi masa. Washegari, hagu. Jibi ma hagu. Hagu kuwa hanyar tasha ce da bakin gulbi, babu ofis ko ɗaya. Da yamma ya dawo daidai lokacin tashi daga aiki, biro na aljihu, ya ce mini yau sun sha aiki. Na ce, "Sannu da aiki, Malam." Na karɓi kakin na wanke, na goge masa da dutsen guga har kari ya fito.

Ni da ba na iya riƙe labarin ƙwai ya fashe, na riƙe wannan. Na ce a raina mutum ne mai kunya, in na nuna na sani na tuɓe masa riga a tsakar gida. Bari shi ya faɗa da bakinsa. Da safe ya ce, "Mi gari yac ce?" in ce, "Lahiya yac ce." Ba mai ƙosai, ba baƙin gidan liman. Ban lura ba ashe gajartar amsar nan ita ta tona ni.

Don wata safiya na ji sarƙar ta karya dama. Wallahi har na ɗaga hannu zan yi hamdala, an mayar da shi aiki. Amma kunnen nan nawa bai iya sakin abu ba. Can nesa, ta bayan masallacin unguwa, na sake jin ta, siririya kamar kukan sauro, ƙii, ƙii, ta zagaya ta koma hagu.

Ya gane na sani. Saboda kunnena ya ƙara wa kansa zagaye.

Ranar ban hura wuta da wuri ba. Na zauna bakin randa ina kuka ba sauti, kada maƙwabta su ji. Haka muka ci gaba har aka fara yankan gero: shi yana yi mini dama ta ƙarya, ni ina yi masa lafiya ta ƙarya. Tuwonmu ya yi ta ƙanƙancewa, babu wanda ya tambayi dalili. Kullum in ce gobe zan faɗa masa. Gobe in ce, Malam, na sani, zauna mu yi shawara, ga yayana yana sayar da hatsi a kasuwa, ba zai hana ka gefen rumfa ba. Maganar tana nan a bakina, shiryayye. Gobe ta yi ta zuwa tana wucewa.

Sai ran nan ya ce mini ofis zai tura shi Ikko, wata uku kacal. Na san lebura zai tafi, sauke siminti a bakin teku, kamar yadda mazan unguwa da yawa suka yi. Na daka masa ƙuli-ƙuli da yaji. Da asubar tafiya ya fito da jaka, ba keke, ya tsaya a kaina. Ya daɗe a tsaye.

Ya ce, "Yau hwa? Mi gari yac ce?"

Yanzu na san ƙofa ce ya buɗe mini. Kalma biyu kawai yake jira: na sani. Na kurɓi ruwa, na ce, "Lahiya yac ce. Allah shi kiyaye hanya."

Ya ce, "Amin." Na bi takalminsa har bakin lungu. Hagu, ba zagaye.

Wasiƙa ɗaya ta zo, maƙwabcinmu ya karanta mini, wai aikin ofis na tafiya daidai. Kafin damina ta zagayo abokinsa ya yi sallama a zaure da jakar nan a hannu. Zazzaɓi ne, kwana huɗu, a can aka rufe shi. A cikin jakar na sami kakin, a ninke, da karin da na yi masa. Bai taɓa sa shi a can ba.

Mutane suka ce ajali ne, in ya yi kira ko babu ciwo sai an je. Na yarda, ban ja da ikon Allah ba. Amma da na yi magana, da ya tafi yana sane cewa akwai wanda ya san halin da yake ciki kuma bai raina shi ba. Wannan ne na hana shi, kuma ba ajali ne ya rufe mini baki ba.

Har yau ina zaman nan na asuba, don jiki ya saba. Jikokina suna cewa, "Inna ta shiga shirunta, ku bar ta ta huta." Ba su san ba hutu nake ba. Mahaifiyata ta koya mini yadda zan saurari gari, ba ta faɗa mini abin da zan yi da abin da na ji ba, ni kuma ban tambaya ba. Kekuna sun yi ƙaranci a lungunmu yanzu. Amma in wani ya wuce da sarƙa marar mai, sai in ji kaina na karkata, ina jiran ya kai bakin lungu, bakina a buɗe da kalma biyun nan da babu mai karɓarsu.