Hajiya Kande mai gadin teku

Ku da kuka san Hajiya Kande kun san ba ta fita babu usur a wuya. Usur dai, irin na alƙalin ƙwallo, ja jawur, a rataye a kan hijabi. A kasuwar Canaan ta saye shi, can Guangzhou inda muke sarin kayan sawa mu kai Kano. Na ce, "Yaya Kande, tsofai-tsofai da ke?" Ta ce, "Ke Asabe, muryata ta ciniki ce, ba zan ƙarar da ita a kan wawaye ba." Ni da na koyi rubutu da furfura a kaina, ban ɗauki biro don in yi mata ƙarya ba.

A shekarun nan, in an loda mana kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu muna jiran jirgi ya tashi, sai a haɗa mota mu tafi wani tsibiri mai dogon rairayi, ya kwanta a gaban gari kamar katanga. Can ake wankan teku. Ranar da muka fara ganin ruwan, wallahi duk surutunmu ya mutu. Ruwa ba iyaka, ya taso ya fi ɗaki, ya faɗo da rugugi, ya koma. Kande ta ce, "Wannan ba kakar kowa ba ce. Kar wanda ya yi mata wasan jika."

Abin dariyar, matar nan ba ta iya iyo ba, ko idon sawunta ba ta taɓa jiƙawa ba. Sai dai ta je ta zauna a gindin doguwar kujerar masu gadin ruwa, samarin Sinawa masu jan wando. Yarensu kaf ɗin da ta iya "nihau", "lawban" da "meyo", wato sannu, maigida da babu. Sauran da hannu. Amma ta ishe su da tambaya: me jar tuta ke nufi, me rawaya ke nufi, don me can ake shiga nan ba a shiga. Wani ƙaton Basine mai tumbi ya taɓa wuce igiyar da aka shata, ta hura masa usur, tana "Meyo! Meyo!" Ya fito da sauri, har da rusuna mata, ya zaci gwamnati ce ta ajiye ta.

Wata rana ta ce, "Asabe, ba ni silifas ɗinki ɗaya." Na ba ta, ni sakarya. Ta nufi wani wuri da ruwan yake kwance lumui, tsakanin igiyoyin ruwa biyu masu kumfa, ta wurga. Jama'a, takalmin nan ya miƙe ya nufi tsakiyar teku kamar ana jan sa da zare.

Ta ce, "Kin gani? Duk ruwan da ya zubo bakin gaɓa, ta nan yake komawa gida."

Na ce, "Takalmina fa?"

Ta ce, "Ya tafi karatu."

Da ƙafa ɗaya a ƙasa na koma mota, ina zaginta tana cin gyaɗa.

To, maigidana, wanda kuke kira Malam Ilu, ɗan Yauri ne. Kun sha jin labarin yadda ya haye kogi da akuya a wuya. Ranar da ya biyo mu, jar tutar hana shiga ruwa ce a sama, iska na kaɗa ta. Ya dubi ruwa, ya hango irin wurin nan mai kwanciya, ya fara tuɓe babbar riga.

Ya ce, "Ga inda mu 'yan kogi muke shiga."

Kande ta hura usur a kunnensa. "Malam Ilu, a kogi ne kwance yake nufin lafiya. Nan hanyar fita ce."

Ya ce, "Hajiya, sai kin iya shiga baho tukuna, sai mu yi magana."

Ya shiga. Kafin in naɗe rigarsa, kansa ya koma kamar ƙwallon goruba. Ina gani yana sarar ruwa da ƙarfi yana neman dawowa, ruwa na ƙara tafiya da shi. Na zube a rairayi ina salati, har na fara ganin kaina a cikin takaba a ƙasar da ban san maƙabartarta ba.

Masu gadi biyu sun ruga da robar ceto, amma da nisa, shi kuwa ƙarfinsa na ƙarewa. Sai na ga abin da har yau ban manta ba. Kande, da gwiwar da sai an tallafe ta take hawa mota, ta haye tsanin kujerar nan har ƙoli. Ta tsaya cak, hijabi na tashi a iska. Ta tofar da usur ɗin, ta buɗe murya. Ban san a ina ta ajiye wannan muryar ba, ta fi rugugin teku.

"Ilu! Bar kokawa da ita! Kwanta rigingine! Gefe, don ubanka, gefe!"

Ashe ta fizge gyalena mai ruwan ɗorawa ta hau da shi, tana kaɗa shi zuwa hannun hagu, tana kaɗawa. Sai muka ga ya daina saran ruwa. Ya kwanta. Can ya fara bin gefe a hankali, har ya fita daga hanyar, samarin suka cim masa.

Da aka shimfiɗe shi yana aman ruwan gishiri, ta sunkuyo a kansa ta ce, "Ina akuyar?"

Sai da mutum huɗu suka sauko da ita daga kujerar, tana ihu wai jiri take gani, ba ta san ta hau ba.

Ranar da ta rasu a Kano, Malam ya ƙi yarda wani ya karɓe shi a ɗaukar makara har bakin kabari. Ya dawo gida ya zauna a soro, ya kasa cin abinci.

Ya Allah, baiwarka Kande ta tsaya wa wani a ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Ka tsaya mata a ranar da ba mai tsaya wa wani. Ka yalwata kabarinta, Ka shayar da ita daga Alkausara. Amin.