Muryar da Ta Fita Yawo Ba Mai Ita

Mu a layinmu Lasifika muke ce masa, kuma ba mu zalunce shi ba. Mutum ne ɗan firit, in ya zauna a kujerar askina sai na ɗaga ta har ƙarshe kafin ya ga kansa a madubi. Amma ya buɗe baki ya yi sallama, sai almakashi ya motsa a kan tebur. Na sha gaya masa cewa ranar rabon jiki ya makara, ya tarar saura murya, shi ne ya kwashe duka don haushi.

Da muryar nan ya ci abinci tun yana saurayi. A wani ƙaramin gidan rediyo yake, kuma ba mai labarai ba ne, mai sanarwa ne: an yi rasuwa, za a ɗauke ruwa, wane ya buɗe shagon taya. Ɗakin aikinsa kamar akwatin ashana, an manne bangon da soso, fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga makirufo, shi kuwa yana zufa yana karatu a nutse. Ƙa'idarsa ɗaya, ba ya karanta tallar magani. In manaja ya matsa, sai ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Saboda haka mutane suka yarda da shi. In Lasifika ya ce an mutu, ba mai sake tambaya.

Yayarsa ce ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana da ciwon suga, ga wani miki a yatsan ƙafa da ya ƙi rufewa. Shi ke kai ta asibiti, shi ke jera mata ƙwayoyinta a gwangwani a kan taga. Rediyonta ba ya barin tasharsa, in ya fara magana sai ta tsawata wa jikoki, autanta na aiki.

Rannan yana kan kujerata, na aske rabin kansa, sai wani direba da ke jiran layi ya kunna wayarsa. Muryar Lasifika ta cika shagon, tana yabon wani ruwa a kwalba mai warkar da suga da hawan jini, tana cewa a ajiye ƙwayoyin asibiti, shi da kansa ya gwada. Na ce masa ashe maƙogwaron ya warke, Allah ya ƙara lafiya. Bai yi dariya ba. Ya tashi da rabin aski ya fita.

Mai haɗa sauti a wurin aikinsu ne ya fayyace masa. Wai yanzu akwai manhajar da ake zuba wa tsofaffin maganganun mutum, ta haddace muryarsa, duk abin da aka rubuta mata ta faɗa, har da jan numfashin. Wa ya yi? Oho. Lambar wayar da ke cikin tallar tana shiga yau, gobe a kashe, jibi wata ta fito. Manaja ya ce an tura ƙorafi. Inda Lasifika ya kai ƙara aka ce ya zo da wanda yake zargi, ya dawo ya ce min sai dai ya kai musu maƙogwaronsa su kulle.

Daga nan ya nufi gidan Yaya. Kwalbar na kan taga an sha rabi, gwangwanin ƙwayoyi kuwa an tura shi ƙarƙashin gado.

"Yaya, wallahi ba ni ba ne," in ji shi.

"Auta, ni za ka koya wa muryarka? Tun kana kuka a bayana na san ta. In a wurin aiki aka hana ka faɗa, ka ce an hana ka, ba sai ka rantse ba."

Ya zubar da ruwan a kwata, ta aika aka sayo wata kwalbar. Ya kawo mai haɗa sauti har gida ya yi mata bayani, ta ba shi ruwa ya sha, ta tambayi lafiyar iyalinsa, yana fita ta ce yaran zamani akwai surutu.

Da ƙyar manaja ya bar shi ya ƙaryata tallar a rediyo. Sai dai ya shiga ɗakin ga mura, ga damuwa, ga shekaru, muryar ta fito tana rawa. Ita kuwa ta wayar daga kaset-kaset ɗinsa na ƙuruciya aka ƙera ta, garau take. A shagona aka yanke hukunci: wannan mai rawar ita ce ta na'ura, Lasifika na gaskiya yana cikin waya. Na ce jama'a, ni nake riƙe kan mutumin nan duk mako, na san wanne ne nasa. Suka ce in tsaya a kan gashi.

Ƙafar Yaya ta kumbura, ta yi baƙi. Da aka kai ta, likita ya duba ya ce ba abin da za a ceto daga idon sawu zuwa ƙasa.

Na raka shi dubiya bayan an yanke ƙafar. Ta riƙe hannunsa ta ce kada ya sa a ransa, ba ta ga laifinsa ba, ita ce ba ta sha a kan ƙa'ida ba kamar yadda ya faɗa a tallar. Ya kalle ni. Ni da ba na rasa ta cewa, sai na tsinci kaina ina gyara labule.

Muna nan sai muryar ta tashi daga gadon da ke kallonmu. Wata mata ce mai jinyar mijinta, ta kara masa waya a kunne. Lasifika ya miƙe ya je, ya russuna, ya ce baiwar Allah, don Allah ki saurare ni.

"Malam, ɗan yi shiru mana," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Lasifika ne ke bayani."

Ya dawo ya zauna.

Har yanzu yana zuwa aiki, yana karanta rasuwa. Ya ce min duk takardar da aka miƙo masa yakan so ya tambaya me mamacin yake sha, amma ba ya tambaya. In ya zo aski kuwa ba ya sallama da ƙarfi. Da yatsa yake nuna min inda zan rage.