Kunnena na Hagu

A shekarar da sanƙarau ya yi wa ƙasarmu ɓarna, ni matuƙin ƙaramin jirgin sama ne, irin wanda ake feshin tsuntsayen jan-baki da shi idan sun sauka a gonakin gero. Aikin ba ya yiwuwa sai da takardar shaidar lafiya, kuma likita na musamman ne ke sabunta ta a Kaduna. Yana duba ido da zuciya da kunne. In ɗaya ya gaza, to ka yi sallama da sama.

Da bazara na zo gida Gummi hutu, takardata tana gab da ƙarewa. Ban yi mako ba wuyana ya sanƙare. Abin da na iya tunawa kaɗan ne: tabarma a ƙarƙashin dalbejiya a harabar asibiti, saboda ɗakuna sun cika, da wata allura mai kauri, da hannun Inna yana jiƙa mini goshi. An ce ma'aikatan nan ko zama ba sa yi. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma har yau ba na rufe addu'a ban sa su ba.

Na tashi. Da yawa ba su tashi ba, wasu kuma sun tashi ba kunne. Ni ma kunnena na hagu yana ta ƙugi kamar an ɗaura mini tukunya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne 'yan dubiya. Kowa ya riga ya yanke mini hukuncin kurumta. Kawuna zai zo daga Bukkuyum ya zauna dab da ni, ya buɗe murya kamar mai tallar magani ranar kasuwa, ya ce, "Sannu da jiki. Kana ji na?" In ce masa, "Kawu, ai har mutanen Anka suna jin ka." Sai ya girgiza kai cikin tausayi, ya ƙara ɗaga murya. Ƙanwata ma da ihu take miƙo mini fura. To ta yaya mutum zai gane ko yana ji, alhali gidan duka an daina magana a hankali? Tun ina faɗa har na gaji na yi shiru, shirun nan kuma suka ɗauke shi shaida.

Gaskiya tsoro ya kama ni. Na san yadda likitan nan na Kaduna yake yi: zai sa ka juya masa baya, ya ja da nisa, ya yi magana ƙasa-ƙasa ya ce ka maimaita, sannan ya sa maka na'ura a kunne. Na gwammace in zauna ban sani ba da in je a gaya mini. Takardar ta ƙare ina zaune. Ruwan farko ya sauka, abokan aikina suka aiko a tambayi ranar dawowata, na ce a ce musu ina nan tafe.

Wata safiya ina zaune a tsakar gida, na gaya wa ƙanwata cewa bana zan karɓi gonar marigayi Baba in noma. Inna tana can bayana wajen murhu tana dama kunu, da ɗan nisa tsakaninmu.

Ni ne ɗanta na fari. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Tun da na yi wayo ni "wancan" ne a bakin Inna, saƙonta kuma ta bakin ƙanwata yake iso ni. Ko a asibiti da take jinyata, ba ta karya wannan ba.

Sai na ji sunana. A hankali ƙwarai, ta gefen hagu, kamar mai magana da kanta. Kafin in yi tunani na riga na waiwaya na ce, "Na'am."

Inna ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska, idonta a kan tukunya. Ta ce, "To ka jiya. Tashi ka tahi wurin aikinka."

Ƙanwata ta saki baki, don ita da take gabana ma da ƙyar ta ji. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, ƙato da ni, a gaban ƙwaryar fura. Ban san ko na kunnen nake yi ba ko na sunan.

Washegari na hau mota. Muka bi ta Anka, inda aka tare mu ana tambayar wanda bai yi allurar rigakafi ba, muka faɗa Gusau, daga nan Kaduna. Likitan ya ji labarin ciwon, ya daɗe yana jujjuya ni, fiye da yadda ya saba. Ya ce kunnen hagu ya ɗan ragu, amma bai kai inda doka ta hana ba. Ya sa hannu, da sharaɗin in riƙa dawowa yana dubawa. Da gero ya fara ido a shekarar nan, ina sama.

Kafin in koma bakin aiki sai da na dawo gida. Na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna na ce, "Inna, an ba ni. Allah ya saka miki da alheri." Ba ta dube ni ba. Ta ƙwala wa ƙanwata kira ta ce, "Ki ce ma wancan Allah shi tsare, kuma shi rage surutu."

Ta yi shekaru masu yawa bayan haka, Allah ya jiƙanta. Sau ɗayan nan ne na taɓa jin sunana a bakinta.