Gyaran da Ya Kashe Muryar Amfilifayata

Amfilifaya biyu gare ni, wato akwatunan ƙara sauti, lokacin da nake kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa a Gyadi-Gyadi. Ƙaramar ta raka kiɗa ce. Muryarta a ɗaure take, in ka daki wayoyi ta amsa ta yi tsit, ta bar wa ganga wuri. Babbar baƙa ce, 'yar kwatano, ɗaukarta sai da nishi. Ita ce ta solo, inda ake bar wa jita fili ita kaɗai. Ka murɗa mata maɓallin tsakiya sai ta fara gurnani, ka taɓa waya ɗaya ta riƙe sautin tana ja kamar mai guɗa. Amma ka raka kiɗa da ita, komai ya dame ya zama kunu. Ƙaramar kuma ka yi solo da ita, kafin ka ɗaga yatsa sautin ya mutu. Mutanenmu ba ruwansu da wannan, su dai abu ya yi ƙara.

Shugabanmu ya daɗe yana so ya miƙa solona ga mai fiyano. Da ma'aikatan jinya suka ɗauke mu walimar sallamar shugabarsu, sai ya ce da ni a gaban kowa, in jitata ba ta ta da mutane daga kujera ba ranar, na koma layin baya.

Ana cikin shiri ramin da ake soka wayar babbar ya fara kwancewa. Na loda ta a adaidaita na kai wa wani mai gyara a Tarauni. Aikinsa lasifikokin masallatai ne da na masu tallan magani. Na nuna masa ramin da yatsa. Ramin kawai.

Ranar walimar da hantsi na koma, na tarar da shi yana ta washe baki.

"Maigida, ramin ai wasa ne. Babbar cutar tana ciki. Na jona ta na yi magana, murya ta fito kamar ta mai mura. Yanzu na wanke ta tas."

Na soka jita na murɗe maɓallin har ƙarshe. Sauti ya fito siriri, fes, kamar sanarwar ɓatan akuya.

"Malam, wa ya sa ka?"

"Ai ba sai an sa ni ba. Ko liman ya samu wannan sai ya sa min albarka."

"Wannan gurnanin shi na saya. Shi ne amfilifayar."

Ya dube ni kamar na ce ina son shinkafa da tsakuwa.

"Ikon Allah. Mutum ya sayi dishewa da gangan?"

"Kayan da ka cire fa?"

"Wasu na zubar. Wasu suna cikin lasifikar mai maganin basir, ya tafi kasuwar ƙauye."

Na zage shi, maƙwabtansa suka taru suna ba ni haƙuri, rabinsu suna cewa ai kyautata min ya yi.

Da yamma muka hau kiɗa. Da wurin solona ya zo, na matsa gaba na ja waya, ta yi ɗan kuka ta mutu. Na sake ja. Matan suna ta buɗe robar abinci, ba wadda ta ɗago. Shugabanmu ya ƙyafta wa mai fiyano ido, shi kuma ya danna maɓallin da ke kwaikwayon jita ya ƙarasa min.

Tun daga ranar raka kiɗa nake yi a baya, kusa da janareta, har ƙungiyar ta watse.