Hannun da Bai Nutse Ba

Ni dai sau uku anka yi mini baftisma, wanda kuma ya ga sun yi yawa, shi zo mu zauna. Ta farko ban san an yi ba. Ina jinjira, can garinmu wajen Zuru, inda majami'ar iyayena ke yayyafa wa jarirai ruwa a goshi. Inna ta ce ko kuka ban yi ba. Da wannan alfahari na tashi, da shi kuma na zo gidan miji a wani ƙauye tsakanin Gummi da Bukkuyum.

Maigidana manomi ne, ɗan Baftis, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Majami'arsu ɗaki guda ce ta laka da rufin kwano, in an cika a samu mutum talatin. Ban yi wata biyu ba na gane mutanen nan suna da taurin kai a kan abu biyu. Babu wani babba daga birni da zai aiko musu da umurni. Ko tabarma za a saya sai an tara 'yan ikkilisiya an ɗaga hannu, Fasto ma hannu guda gare shi kamar kowa. Sannan ba su yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya yi wayo, ya buɗe bakinsa ya ce ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, kana a kai shi ruwa a nutsar da shi duka.

Na ce wa maigida, "To tawa fa?"

Ya sosa ƙeya. "Taki kam, an dai jiƙa miki goshi."

Kwana biyu ban sa mai a miyarsa ba.

Shekara goma sha ɗaya na yi a haka. Ni ke share majami'a, ni ke ba da waƙa a zumuntar mata. Ban yi boko ba, amma in an karanta labari sau guda a gabana, zan mayar da shi har masu karatun su saki baki. Ranar Jibin Ubangiji kuwa, da yake mu ba mu sa giya, ni ke dafa soɓorodo in tace shi sau uku, ni ke gasa gurasar. Amma in an zo rabawa, faranti ya zo kan ta damana, ya tsallake ni, ya sauka kan ta haguna, don jibin na waɗanda anka nutsar ne. Sai in ɗaga kai ina duban rufi, kamar ina ƙirga azara.

In an tambaye ni, sai in ce ba zan ƙaryata Inna ba. Gaskiya ne, amma rabinta ce. Sauran rabin, tsoron ruwa nike yi. Mu mutanen dutse ne, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba.

Innar ce da kanta ta ƙwace mini hujja. Ta zo mana ziyara bayan girbi, ta tsufa ƙwarai, ta zauna a majami'a ta ga faranti ya tsallake ni. Da munka koma gida tana tsinkar zogale ta ce, "Ke, alkawarin da na ɗauka a madadinki kina jinjira, har yanzu ni ke riƙe da shi?"

Na ce, "Inna, ai don girmanki ne."

"Girmana? Ni na kai ki da ƙafafuna, na yi nawa. Na tsufa, kayan sun yi mini nauyi. Karɓi abinki."

Haka na shiga ajin baftisma da furfura ta fara leƙo mini. Ranar shaida na tsaya gaban ikkilisiya, Fasto ya ce in faɗi abin da na gaskata. Na ce Allah ɗaya ne, shi ya yi mu, munka juya masa baya. Ya aiko Ɗansa ya ɗauki zunubinmu, kamar yadda mai ƙarfi ke karɓar damin da ya durƙusar da maƙwabcinsa. Anka kashe shi, anka binne shi, rana ta uku ya tashi. Ba aikina zai cece ni ba, ba sharar majami'a ba, shi ne kaɗai. Tsohon dikinmu, wato dattijon da ke taya Fasto kula da ikkilisiya, mai gyaran keke ne, mutumin da ba ya barin ko ƙusa guda a kwance. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗiyata, kin faɗa daidai."

Anka sa rana a bazara, gulbi ya janye sai gurbi guda da ya rage. A nan Fulanin da ke maƙwabtaka da mu ke shayar da shanu. Ƙawata mai kawo mini nono, Musulma ce, ita ta roƙi mijinta ya tsare shanun har rana ta take. Ta ce mini, "Ƙawa, duk rijiyoyin garin ba su ishe ki wanka ba, sai kin kori shanunmu?" Amma ta zo, ta ajiye ƙwaryarta ƙarƙashin kanya tana kallo. Mazanmu sunka kwashe rairayi da shebur har ruwan ya kai ƙugu.

Fastonmu na lokacin ɗan siriri ne, ni kuwa Allah bai rage ni ba. Na shiga ruwa ina murmushi don kada mata su gane tsoro nike ji. Ya ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kwantar da ni ta baya. Da na ji ruwa ya taɓa mini kunne, ban san lokacin da hannuna na dama ya cafke wuyan rigarsa ba. Na nutse, na fito, mata sunka rangaɗa guɗa, maigida yana dariya har da hawaye. Dikin kaɗai bai yi waƙa ba.

Washegari Lahadi, bayan sujada, anka zauna don karɓar sababbi cikin ikkilisiya. Dikin ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Ni ba ni da rigima da kowa. Amma hannun ɗiyata bai shiga ruwa ba. Daga wuyan hannu zuwa yatsu, a bushe ya fito. Na gani da idona."

Fasto ya taɓa wuyansa, inda farcena ya bar masa shaida. Ya ce, "Baba dikin, ai ba ruwa ke ceto ba. Bangaskiya ce, kuma duk mun ji shaidarta."

"Awo, na sani. Amma kai ka koya mana cewa shiga ruwan nan alamar binnewa ce tare da Almasihu, fitowa kuma alamar tashi. To wa ya taɓa ganin an rufe gawa an bar hannu waje?"

Wata tsohuwa daga bayan ɗaki ta ce, "Kai dikin, mutane na waƙa kai kana ƙirgar yatsu? Ita keke ce?"

Anka fashe da dariya, ni ban yi ba. Anka yi ta ja, wannan ya ce, wancan ya ce. Ni da ake magana a kaina ba ni da hannun ɗagawa, tunda ba a karɓe ni ba tukun. Daga ƙarshe Fasto ya ce masu ganin baftismar ta yi su ɗaga hannu. Maigida ya ɗaga nasa har yana tashi daga benci. Hannuwa sunka yi yawa, sun rinjayi na dikin nesa ba kusa ba. Tsohon ya ce, "Ikkilisiya ta yanke, na bi." Ya zauna, ko fuska bai ɓata ba.

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma na dubi hannun nan a cinyata, na san abin da ya yi. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da ni a bakin ruwa, ranar da na shiga ma bai yarda ya saki ba. Ga shi kuma na san ƙauyenmu: har jikokina sai an gaya musu kakarsu da ƙuri'a ta shiga.

Na miƙe na ce, "Na gode muku. Amma ni ban iya cin tuwo rabin dahuwa ba. A mayar da ni."

Maigida ya dafe kai. Fasto ya ce a hankali, "Mama, in za a sake, zan sa riga marar wuya."

Asabar ta zagayo munka koma. Ƙawata ta sake tsare mana shanu, ta ce in na ƙara na uku sai na biya da buhun gero. Ruwan ya ƙara janyewa, maza sunka ƙara haƙa. Ina shirin shiga sai na ga dikin yana naɗe wandonsa. Mutumin da gwiwa ke hana shi hawa keken da ya gyara, ya tako cikin laka ya tsaya a gefena.

Ya ce, "Ɗiyata, tsoro kike ji, ko?"

Ba wanda ya taɓa tambayata. Na ce, "Awo, Baba."

"Ni ma ranar tawa sai da na sha rabin gulbi. Kawo hannuwan."

Ya haɗa mini su a ƙirji, ya ɗora nasa a kai. Da Fasto ya kwantar da ni, tsohon ya sunkuya ya bi ni ƙasa har ruwa ya kai masa gemu. Na ji sanyi ya rufe ni, duniya ta yi shiru, ba abin da nike riƙe da shi. Sai ga haske, ga iska, ga muryoyin mata.

Ina tari ina share ido na ce, "Baba, ka duba da kyau?"

Ya juya tafin hannuna, ya juya bayansa, kamar mai duba taya. Ya ce, "Ko farce bai tsira ba." Sannan ya buɗe baki ya kama waƙa da muryarsa mai kama da ta tsohon ƙyaure, munka fita daga ruwan ni ke tallafe da shi.