Garwar Kajina da Irin Baba

Da aka kawo ni gidan miji, a wata 'yar unguwa tsakanin Mairuwa da Daudawa, ban zo da wani abin a zo a gani ba. Tabarmi biyu, 'yan ƙore, sai kaza guda mai wake-wake da mahaifiyata ta kamo da hannunta ta ba ni. Mahaifiyar tawa ba ta kai damina ta biyu ba Allah ya yi mata rasuwa. Tun daga nan kazar ta tashi daga kaza a wurina. In na gan ta tana tono gindin danga, sai in ji kamar akwai wani nawa a gidan. Lokacin Turawa ba su tafi ba, babu abincin kaji na buhu, dusar surfe ita ce abincinsu.

Ta yi ƙyanƙyasa sau uku, shaho ya ɗebi rabonsa, aka bar ni da bakwai har da ita. Damuwata ɗaya, in ga sun ƙetare bazara. A bazara ba ƙwaro, ba ɗanyen haki, dusa kuwa sai an yi surfe, surfen ma ana yinsa ne da taka-tsantsan don hatsi ya kai kaka.

Uwar mijina, Inna nake ce mata, tana da wata ɗabi'a da ke ci mini rai. Kullum bayan la'asar sai ta kwashi dusa ta je can bayan gida, kusa da juji, ta zube a wani fasasshen kasko. Kaji su ci, su bar saura, a tafi a bar shi a buɗe. Rana ba ta gama faɗuwa ba za ka ga ɓeraye sun fito suna layi, har da wata gafiya ƙatuwa mai tafiya kamar gidan ubanta ne. Ni kuma ina kallo kajina suna ramewa.

Ran nan na kasa haƙuri. Na durƙusa na ce, "Inna, dusar nan fa ɓeraye ke cinye rabi."

Ko ɗago kai ba ta yi ba daga kaɗin da take yi. Ta ce, "Bar su, ɗiyata. Su ma sai sun ci."

Na ce to, na tashi. Amma a raina cewa na yi tsufa ne. Ni fa tun ina ƙarama ba na son ɓarna, kuma in na sa abu a kai ba na saukewa. Wannan hali har yau bai bar ni ba, sai dai ya rage ƙarfi.

Na fara da ƙwarya, na zuba wa kajina dusa a ciki, na rataye ta a ragaya daidai bakin kaza. Kwana biyu ɓera ya biyo igiya ya sauko, ya huda ƙwaryar. Wata tsohuwa mai tallar tukwane ta shigo gidan, na gaya mata damuwata, ta ce za ta gina mini tulu mai tagogi, kaza ta zura kai ta ci. Na ce, "Iya, inda kan kaza ya shiga ai ɓera zai shiga." Ta yi dariya ta ce wannan amarya da baki take, ta ɗauki kayanta ta yi gaba.

Maigidana ne ya kawo maganin. Ya kai auduga Daudawa, ya dawo da tsohuwar garwar kananzir. Na wanke ta da toka har warin ya fita, ya kai wa maƙeri ya yanka mata baki a gefe, ya yi mata 'yar ƙofa mai saukowa ta rufe ruf. Na roƙi Inna ta bar mini ciyar da kajin gidan duka, nata uku da nawa. Ta dube ni, ta dubi garwar, sannan ta ce in yi yadda na gani. Na ɗauki wannan a matsayin yarda.

Da safe in buɗe, kaji su ci su ƙoshi. Kafin almuru in saukar da ƙofa, in ɗora dutse, in share wurin tas, ko ƙwaya ba na bari. Kaskon Inna na kife shi. Cikin wata guda kajina suka yi ɓul-ɓul, gashinsu na sheƙi, juji ya yi tsit ba ɓera ko ɗaya. Matan maƙwabta har leƙowa suke su ga garwar. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Abin da ban tambayi kaina ba shi ne ina ɓerayen suka koma.

A tsakar gidan akwai 'yar rufewa ta laka, ƙarama, inda Baba, mahaifin mijina, yake ajiye iri. Da kaka shi da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniyar dawa kaura mafi cika, ya ɗaure, ya sa a ciki, ya liƙe bakin da laka. Ba mai taɓa ta sai ruwan shuka ya sauka. Ranar da aka yi ruwan fari, da hantsi, Baba ya hau tsani ya ɗage jinka ya fasa liƙin. Ina bakin turmi ina kallonsa. Ya zura hannu, ya daɗe, ya fito da shi cike da ƙaiƙayi da kashin ɓera. Ɓeraye sun huda ta ƙasa, ta tsakanin duwatsun da rufewar ke zaune a kai. Abin da ya rage bai isa shuka kwana ɗaya ba.

Baba ya sauko a hankali yana salati. Bai dubi kowa ba. Inna ce ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ce a ƙasa-ƙasa, "Shekara talatin nike ba su can baya don kada su zo nan. Na ɗauka kin sani. Kowa ya sani."

A gidanmu na haihuwa ba mu da rufewa, mahaifina majemi ne, hatsi a mudu muke sayensa. Ina zan sani? Ita ba ta ga abin bayani ba a al'amarin da ta tashi ta tarar ana yi, ni kuma girman kai ya hana ni tambayar dalili. Na sha juya wannan a raina shekaru da yawa, kuma har yanzu nawa laifin nake gani ya fi.

Ƙasa ta jiƙe, shuka ba ta jira. Aka ji wani manomi a Faskari yana da ragowar kaura mai kyau, kuma ya fi son a ba shi kaji masu ƙwai a madadinta. Inna ta kama nata ukun. Kowa ya san ba za su isa ba, amma ba wanda ya dubi inda nawa suke. Wannan kawaicin ya fi mini duka zafi.

Na shiga akurki na kamo su ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaure ƙafafu da igiyar rama. Mai wake-waken ba ta ma gudu ba, ta saba da hannuna. Na miƙa wa maigidana ita a ƙarshe, yana ɗaura wa jaki mangala.

Ya ce, "Har da ita?"

Na ce, "Shida ba za su kawo dami ba. Tafi da ita."

Na shige ɗaki na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar mahaifiyata. Kafin la'asar ya dawo da iri, washegari aka fita shuka, dawa kuma ta yi kyau a shekarar. Mun zauna da maigidan nan nawa shekara arba'in da wani abu. Ban taɓa tambayarsa ko ajiye mai wake-waken aka yi ko yankawa ba, shi ma bai taɓa faɗa mini ba.